Ƙyallen da Ya Ƙi Yin Shuɗi

Hancinta ne ya fara kawo mata ƙara, tun kafin idonta ya ga komai.

Hamamatu tana durƙushe a gaban mijinta da waya a hannu, kamar yadda ta saba kowace safiya in ya dawo daga masallaci. Ta ɗora ƙafarsa ta dama a kan 'yar kujera, ta saita wayar a kan tagar da ke saman safar. Ƙyallen da ke leƙowa ta tagar rawaya ne kamar gwaiduwar ƙwai, yadda ake so. Amma a ƙarƙashin turaren da Mutaru ya bulbule jikinsa da shi akwai wani abu daban, wani ɗan wari mai zaƙi-zaƙi, irin na naman da ya kwana a firji bayan an ɗauke wuta.

"Baban Hikma, ba ka jin wani wari?"

"Kwatar bayan gida ce ta sake toshewa," in ji shi, ya ɗauke kai. "Ɗauki hotonki, Madam Likita, kar ki makarar da ni. Motocin mutane na jirana."

Ta taɓa ƙwaurinsa da bayan hannu. "Jikinka ya yi zafi rau."

"Sauron Zango ne, ya san jinina da daɗi. Na sha magani."

Ta danna. Wayar ta yi 'yar ƙara, ta nuna alamar lafiya, hoton ya wuce wurin nas. Mutaru ya janye ƙafar da sauri kamar wanda ya taka garwashi, ya cusa ta cikin wani ƙaton takalmi da ya tsage samansa, ya ɗauki jakar kayan aiki ya fita yana ɗingishi. Ko kokon da ta dama masa bai kalla ba.

Mutaru mai gyaran wayar mota ne a Magazin ta Suame, unguwar makanikai ta Kumasi, kuma duk wanda motarsa ta taɓa haukacewa da wuta tsakanin Aboabo da Atonsu ya san sunansa. Ciwon suga ya daɗe da kama shi, har ya kashe masa jin tafin ƙafa. Ran nan wani guntun ƙarfe ya huda silifansa ya shige ƙarƙashin babban yatsa, bai sani ba sai da ya zo alwalar magariba ya ga jini. Mikin ya zauna daram, ya ƙi tafiya. A asibitin unguwa ne wata nas mai suna Samiratu, 'yar Asokore Mampong, ta sa shi cikin masu gwajin wani sabon ƙyalle da masu bincike na jami'a suka ƙirƙiro.

Hamamatu ba ta manta yadda yarinyar ta yi mata bayani ba.

"Anti, kin san tsami, kin san kanwa?"

"Tun kafin a haife ki nake miyar yakuwa."

Samiratu ta yi dariya. "To miki ma haka yake. In yana warkewa, ruwan da yake fitarwa na da ɗan tsami-tsami. In ƙwayoyin cuta suka samu gindin zama, sai ruwan ya koma ɓangaren kanwa. Zaren ƙyallen nan an jiƙa shi da wani irin rini, yana tsotso ruwan mikin ya hauro da shi sama kamar lagwani. In rawaya ne, ki kwantar da hankali, ba sai an yi ta buɗe ciwo ana fama shi ba. In ya fara kore, ki kira ni. In kuwa kika ga shuɗi, Anti, kar ki tsaya neman mayafi."

Da yake Hamamatu tela ce, ita ta zauna a kekenta ta ɗinka masa safuna na farin yadi, kowace da 'yar taga a sama daidai inda ƙyallen yake, don kar baƙin man Magazin ya shiga bandejin. Da farko komai ya tafi daidai. Mikin ya fara tsukewa, aka rage masa yawan zuwa asibiti, aka ba su ƙyallayen su riƙa canjawa a gida. Sai daga baya Mutaru ya ƙwace aikin. Ya ce ba ya son ta riƙa ganin ƙazanta sannan ta je ta tuƙa masa tuwo. Ya koma rufe kansa a banɗaki yana yi. Ya fara kwana da wata safa mai kauri a kan wadda ta ɗinka masa, wai sanyi. Ranar da ya kamata ya koma asibiti ya aika cewa aiki ya riƙe shi, kuma tun da hotuna rawaya suke zuwa kullum, aka ɗaga masa.

Ƙarar takunsa na ɓacewa a lungu ta kira Samiratu.

"Na ga hoton, Anti, ya yi kyau."

"Hoton ya yi kyau, mai hoton ne bai yi ba. Wari nake ji, ga zazzaɓi, ga shi ba ya cin abinci."

Wasan ya fita daga muryar Samiratu. "Yaushe rabon da ki ga mikin da idonki?"

"Ba ya bari."

"To ki kawo mini shi yau. Kar ki ce sai gobe. Ƙyalle ido ɗaya ne, hancinki ma ido ne."

Ta kira Mutaru, wayar ta yi ta ringi har ta katse. Ta sake kira, ya ɗauka, hayaniyar guduma ta cika mata kunne. Ya ce ta bari sai bayan Juma'a, ya kashe.

Don kar tunani ya haukata ta, ta jawo bokiti ta hau wanki. Ta cuɗa safunan da sabulun alata, ta ɗauraye, ta ɗaga ta farko za ta shanya a igiya. Rana ta ratso ta cikin yadin, ta faɗo mata a fuska ɗigo-ɗigo.

Huji ne. Ƙanana kamar bakin allura, bakinsu ya ɗan yi ja, sun zagaye tagar.

Ta ɗaga ta biyu. Haka. Ta uku ma haka, har wani wurin ya ɓarke da ta ja shi da yatsa.

Babu matar makanike a Zangon Kumasi da za a nuna wa wannan huji ta ce asu ne ko ɓera. Wanduna nawa ta yi wa faci saboda shi? Ruwan batir ne, mai tsamin nan da ke cin yadi. Yana ɗiga a yadi ba a ganin komai, sai an wanke sannan ya nuna cin da ya yi. Amma ruwan da ya fantsamo wajen aiki ko'ina yake sauka, a gwiwa, a cinya, a hannun riga. Wane irin fantsama ne zai bar safa gaba ɗaya ya zaɓi bakin taga, kuma a kowace safa?

Ta bar wankin ta shige ɗaki, ta zaro sabon ƙyalle ɗaya daga cikin ledarsa. A kicin ta jiƙa ɗan gutsuren kanwa a murfin kwano, ta tsoma bakin ƙyallen. Kafin ta ƙifta ido launi ya hau zaren, kore, sannan shuɗi mai duhu kamar an tsamo shi daga marina. Ta yanka lemun tsami, ta matsa ɗigo ɗaya a kai.

Shuɗin ya gudu. Rawaya ta dawo tas, kamar ba a taɓa komai ba.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce, ta zauna a kan turmi ba tare da ta sani ba. Ashe duk safiyar da take durƙusawa tana hamdala, ba lafiyar ƙafa take ɗauka a hoto ba, aikin hannun mijinta take ɗauka.

Ta tura jiƙaƙƙiyar safar da almakashinta cikin jaka, ta yafa mayafin da hannunta ya fara kaiwa, ta fita ko ƙofa ba ta kulle ba. A bakin titi ta tare pragya, keken nan mai ƙafa uku.

"Magazin. Ka yi sauri don Allah."

"Maame, hanya ya cika," in ji direban da Hausarsa ta koyo.

"Ka bi ta inda akuya ke bi."

Ya kuwa bi. Suka kutsa ta bayan masu sayar da gawayi, suka tsallake kwata, suka fito a tsakiyar cunkoson Suame inda motocin haya na turoturo ke hura wa juna hayaƙi. Daga nan ta sauka ta ci gaba da ƙafa. Magazin ta haɗiye ta. Ƙasa baƙa ƙirin da tsohon mai, injuna a zube kamar kawunan shanu a mahauta, tartsatsin masu walda na tashi, guduma na amsa wa guduma. Ta ratsa tsakanin gawarwakin motoci har ta hango rumfar kwanon da suke aiki.

Ƙafafunsa ta fara gani. Yana kwance rigingine a cikin wata jar mota, kansa a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafun a waje. Wani dillalin motoci mai ƙaton agogo yana tsaye a kansa.

"Masta, ta mutu?"

"Murɗa makulli ka gani," muryar Mutaru ta fito daga ciki.

Dillalin ya murɗa, ya leƙa gaban direba, ya washe baki. "Babu ita! Jar wutar nan da ta hana ni sayar da mota, babu ita!"

"Na zare ƙwan. Ko injin zai kama da wuta ba za ta ƙara kunnawa ba."

Hamamatu ta tsaya cak. Sai yanzu abin ya gama zauna mata.

"A'a! Matarmu da kanta!" Talle ne, abokin Mutaru tun suna koyon aiki, dogo mai haƙorin Makka, wanda iyayensa suka zo daga Nijar. Ya taso yana goge hannu da tsumma. "Yau wace rana? Ina kular? In babu shinkafa da wake ki koma, ba mu karɓar baƙi hannu rabbana."

"Ba abinci na kawo ba, Malam Talle."

Mutaru ya zamo daga cikin motar a hankali. Ya zauna a bakin ƙofa, gumi na tsiyaya daga gemunsa, idanunsa sun yi jawur. Ta zaro safar ta ɗaga ta sama, rana ta ratso ta hujin.

"Baban Hikma, mene ne wannan?"

"Safa ce."

"Na san safa ce, ni na ɗinka ta. Me ya ci ta?"

"Maman Hikma, nan wurin aiki ne. Ki koma gida, in na dawo ma yi magana."

"Ah, wannan?" Talle ya karɓi safar ya duba, ya fashe da dariya. "Maganinmu ne, matarmu! Ai mu muka gano abin da 'yan jami'a suka kasa. Ran nan ƙyallen ya yi wani kore-kore, Masta ya zauna ya yi tagumi. Yana ƙara wa batir ruwa sai ɗigo ya faɗo a kai, wallahi nan take ya washe. Muka ce to, ga magani a gida ana ta wahalar zuwa asibiti. Mu da muke zuba man birki a yanka ya bushe? Na samo masa 'yar kwalbar maganin ido, muka sirka da ruwa, kullum ɗigo ɗaya. Duba ki gani, ko yanzu..."

Ya nuna ƙafar da yatsa. Ta tsagar takalmin ana hango tagar safar. Ɗigon asuba ya riga ya sake. Ƙyallen shuɗi ne, shuɗin da ya kusa zama baƙi.

"Sai an ƙara masa, ke nan," in ji Talle, amma muryarsa ta sauka.

Hamamatu ba shi take kallo ba. "Shi bai sani ba," ta ce wa mijinta. "Shi ya ɗauka launi ne ciwon. Kai fa? Kai da ka zare ƙwan motar bawan Allahn can yanzun nan, ka san injin ya gyaru?"

Dillalin ya yi tari, ya ɗan ja baya.

Hamamatu ta ajiye jaka, ta durƙusa a cikin baƙin man nan da zanenta na fita, ta kama takalmin.

"Kar ki taɓa."

"Ka mare ni in ka ga dama. A gaban mutane."

Mutane kuwa sun taru. Gudumar maƙwabta ta yi shiru. Agya Boakye, tsohon mai walda na rumfar gefe, ya ɗage gilashin fuskarsa ya matso. Mutaru ya ɗaga hannu kamar zai ture ta, hannun ya yi nauyi ya koma kan cinyarsa. Ta zare takalmin, ta sa almakashi ta tsarge safar daga sama har ƙasa, ta bi bandejin ta yanke.

Warin ya bugi rumfar kamar an buɗe masai.

"Awurade!" Agya Boakye ya yi baya yana toshe hanci.

Babban yatsan da na kusa da shi sun yi baƙi, sun motse kamar busasshen dabino. Saman ƙafar ya kumbura yana ƙyalli, ruwa na tsattsafowa, wani jan layi ya haura ya wuce idon sawu yana neman ƙwauri. Talle ya dafe kai da hannu biyu. Safar ta faɗi daga hannunsa.

"La ilaha illallahu. Masta, ka ce mini yana bushewa. Da bakinka ka ce mini yana bushewa!"

"Ku rufe mini ƙafa," in ji Mutaru a hankali.

"Tashi mu tafi asibiti," in ji Hamamatu.

"Ba inda za ni." Ya ɗago ya dube su ɗaya bayan ɗaya. "Kun manta Yaya Sulley? Kai Talle, ba kai ka kai shi a motarka ba? Da ƙafarsa ya shiga, yana yi wa nas-nas barkwanci. Suka ce yatsa ɗaya ne kawai. Suka dawo suka ce gwiwa. Suka dawo suka ce cinya. Ni na kama gaban makararsa, wallahi kamar yaro muka ɗauka. Ni ba za a kai ni lahira kashi-kashi ba. Yadda Allah ya kawo ni haka zan koma masa."

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi, kuma duk wanda ke rumfar ya san saran da aka yi wa Mutaru.

Agya Boakye ya matso, ya yi magana da Hausarsa ta Magazin. "Masta, kai yi fushi gobe. Yau mu ɗauka kai."

Talle ya share fuska da tsumman mai. "Ku kama shi."

Suka ɗaga shi cak kamar injin da za a sauke, yana zaginsu, yana kiran sunan uban kowa. Dillalin ya yi saurin buɗe ƙofar bayan jar motar.

"Ku sa shi a nan, ni zan tuƙa."

"Wannan?" Talle ya harare shi. "Wannan da mun san abin da ke cikinta? Agya, kawo akori-kurarka!"

A bayan tsohuwar akori-kurar suka shimfiɗa kwali suka kwantar da shi. Hamamatu ta hau ta ɗora kansa a cinyarta, ta kare masa rana da mayafi. Da hannu ɗaya ta kira Samiratu, ta faɗa mata komai a gurguje. Nas ɗin ta ce kar su tsaya a asibitin unguwa, su wuce babban asibiti kai tsaye, za ta same su a can. Agya Boakye ya ɗora hannu a kan ham bai ɗaga ba. Talle ya tsaya a baya yana kaɗa jar riga yana ihu da Hausa da Asantanci, motoci na darewa da ƙyar. Tun Mutaru na zagi har ya koma sambatu, yana kiran lambar fis ɗin wata mota, haƙoransa na karo da juna a cikin wannan zafin rana.

Samiratu na tsaye a ƙofar ɗakin gaggawa. Kallo ɗaya ta yi wa ƙafar ta cije leɓe. Ba ta yi faɗa ba, ba ta tambayi komai ba, ta ruga ta kira likita.

Sai bayan la'asar, da ruwan da aka ɗaura masa ya sauko da zazzaɓin, hankalinsa ya dawo. Likitan, wani siririn mutum mai furfura a gefen kai, ya tsaya a ƙarshen gadon ya yi magana da Turanci, Samiratu na juyawa.

"Ya ce gaban ƙafar ya riga ya mutu, babu maganin da zai dawo da shi. In aka cire yau, yana sa ran a tsira da dunduniya, ka riƙa takawa da takalmi na musamman. In aka kai gobe, ya ce ko gwiwa ba zai yi maka alkawari ba. Cutar ta fara shiga jini."

"Haka suka ce wa Yaya Sulley."

"Kawu, sai ka yarda za a taɓa ka. Ba a yi wa mutum dole."

"To ban yarda ba."

Likitan ya dubi agogon bango, ya dubi Hamamatu, ya ce zai dawo, ya fita. Talle ya jingina da bango yana ta jan carbi, ya kasa haɗa ido da kowa.

Hamamatu ta jawo kujera ta zauna daidai fuskarsa. Ta ga tsoron da ke cikin idon, tsoro tsirara irin na yaro, tausayi ya taso mata. Ta danne shi.

"Baban Hikma, kai makara ka ɗauka. Ni kuwa ina cikin gida tare da matarsa. Tun azumi ƙafar Yaya ke wari, yana ɗaure ta da ganye yana zuba turare, bai yarda an kai shi ba sai bayan babbar Sallah. Ba wuƙar likita ce ta bi shi har cinya ba. Ciwon ne ya riga ta zuwa, ita tana binsa a baya."

"Kwanansa ne ya ƙare."

"Na yarda. Naka bai ƙare ba tukuna, kai ke neman ƙarar da shi. Hikma na makaranta, me zan ce mata? In ce ubanki ya ga jar wuta ya zare ƙwai?"

Ya juya fuska bango. "Ki ce mata ya mutu da ƙafarsa."

Ta miƙe tsaye. Ta janye mayafin gadon daga jikinsa, ta matsar da ƙarfen da ruwan ke rataye.

"To shi ke nan. Tashi mu tafi gida."

"Anti!" in ji Samiratu.

"Bar shi. Ƙafarsa ce, ya ce yana son abarsa. Ga ƙofa can, Baban Hikma. Ka taka da ita ka kai ƙofar, wallahi tallahi ba zan ƙara ce maka asibiti ba. Ni zan yi jinyarka a ɗaki har abin da Allah zai yi."

Ya dube ta, ya ga ba wasa take yi ba. Ya dafa katifa ya tashi zaune. Ya sauke ta hagu, ta taɓa siminti. Ya kama cinyar dama da hannu biyu ya sauke ta a hankali, ya danna ta ƙasa. Ya ƙara dannawa. Ya leƙa ya tabbatar ta kai, sannan ya sake dannawa da ƙarfi har bandejin ya jiƙe.

Ƙofar na nan, taku kaɗan. Bai tashi ba.

"Ba na jin ƙasa," ya ce. Muryarsa ta karye. "Maman Hikma, ina ganinta a ƙasa amma ba na jin ƙasa."

Ta durƙusa ta ɗaga ƙafar da hannunta ta mayar kan gado. Mutumin da ba ta ga hawayensa ba ko ranar da aka binne yayansa ya kifa fuska a kafaɗarta, jikinsa na jijjiga. Talle ya fice waje.

Da ya lafa, ya share fuska da bayan hannu ya dubi nas. "Kira shi. Amma da sharaɗi. Abin da za su cire, kar a jefa mini shi a shara, kar a ƙona. A ba iyalina a binne shi kamar na Musulmi."

"Za a ba su, Kawu."

Aka tura gadon. Hamamatu ta bi shi har inda aka ce iyakarta ke nan, ƙofa ta rufe.

Washegari da hantsi ta sauka a babbar kasuwa ta Kejetia da zanen jiya a jikinta, baƙin mai ya bushe a gwiwoyinsa. An cire yatsun duka da rabin tafin. Dunduniyar na nan. Likita ya ce sai an ga yadda jan layin zai yi a 'yan kwanakin nan kafin ya ce an tsira, kuma ya faɗe ta ba tare da murmushi ba. Mutaru ya farka, ya dubi inda mayafin gadon ya kwanta ba tudu, ya rufe ido. Talle na can ƙofar asibiti da shebur a motar Agya Boakye, yana jiranta su wuce maƙabartar Tafo.

Ta tsaya a rumfar wani dattijo mai sayar da farin yadi.

"Baba, alawayyo nake so. Rabin yadi ya isa."

Dattijon ya ɗauko bandir ɗin, ya tsaya da almakashi a hannu. Ya dubi kumburarrun idanunta, ya dubi zanenta, ya sassauta murya.

"Allahu akbar. Jariri ne, 'yata? Allah ya sa mai ceto ne."

"A'a, Baba. Babba ne." Ta gyara mayafinta. "Yana nan da ransa. Wani sashe nasa ne ya riga shi."

Dattijon ya daɗe yana kallonta. Sannan ya auna, ya ɗan ƙara a kan rabin, ya tsaga yadin, ya ninke shi da kyau ya miƙa mata da hannu biyu.

"Allah ya sa sauran ya daɗe bai bi shi ba."

"Amin," ta ce. Ta rungume ƙunshin a ƙirji, ta kutsa cikin jama'a tana sauri.